FENTIN GARI: RIGAR DA KE TSARE ƘARFE DAGA TSATSA

Yau za mu yi magana bisa ƙarfe da babban abokin gabanshi, wato tsatsa.

Kayan ƙarfe sun yi yawa cikin ƙauyukanmu. Akwai amalanke da galmar shanu. Akwai keke da babur. Akwai injin ban ruwa cikin garka, da ƙofar bankin cimaka, da gadon gidan likita, da akwatin batirin hasken rana. Babu mai arha cikinsu. Wani sai da ya saida bijimi kafin ya samu nashi. Wani bashi ya ci wurin ƙungiya, zai biya bayan kaka. In tsatsa ta cinye abin tun ba a gama biyan bashi ba, hasara ta zama biyu.

Ku lura da wani abu. Ƙofar da mai walda ya shafa ma fenti da buroshi, bayan damana kaɗan sai fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon gujiya. Amma firigo, ko kujerar ƙarfe ta kanti, sai su yi shekaru jikinsu sumul. Mi ya kawo wannan bambanci? Sau da yawa, fentin ne ba iri ɗaya ba. Na ƙofar fentin ruwa ne. Na firigon fentin gari ne. Gari irin na tuwo muke nufi, ba garin da mutane ke zaune ciki ba. A takardun kaya, da Faransanci, ana rubuta shi « peinture en poudre ».

Yadda tsatsa ke cin ƙarfe

Abu biyu tsatsa ke bukata: ruwa da iska. In sun haɗu bisa ƙarfen da ba shi da riga, sai saman ƙarfen ya rikiɗe ya zama jan gari. Wannan jan garin ya fi ƙarfen da ya fito daga ciki cin wuri. Don haka yake kumbura, ya tsage, ya zube. In ya zube, sai sabon ƙarfe ya fito fili, ruwa ya sake kama shi. Haka take ci, sannu sannu, har faranti mai kauri ya zama kamar rariya.

Ƙasarmu tana da sa'a wajen guda. Da rani iska busasshiya ce, tsatsa ba ta sauri. Amma daga watan Yuni zuwa Satumba ga ruwan sama ga raɓa. Cikin fadama da garka kuwa, damshi ba ya yankewa duk shekara.

Akwai kuma masu taimakon tsatsa, kuma duk muna zaune tare da su. Gishiri yana ƙara mata sauri ƙwarai. Haka fitsarin dabbobi da takin gida. Haka takin zamani. Wanda ya taɓa barin buhun takin zamani fasasshe bisa amalanke, ya san yadda wurin ke yin ja cikin kwana kaɗan.

Maganin abin guda ne: a raba ƙarfe da ruwa. A sa mishi riga wadda ba ta da ƙofa. Kowane fenti aikinshi ke nan. Sai dai wata riga ta fi wata ƙwari.

Mine ne fentin gari?

Fentin da muka sani ruwa ne cikin gwangwani. Ana tsinka shi da wani mai mai wari, dangin kananzir. In an shafa, sai man ya bi iska ya tafi, fentin ya bushe. Wannan warin da ke sa ciwon kai, man ne ke fita. Kashi babba na abin da ke cikin gwangwanin, iska ke shanye shi. Abin da ya rage bisa ƙarfe fata ce siririya. Shi ya sa ake shafawa sau 2 ko sau 3.

Fentin gari ba shi da ruwa, ba shi da mai. Busasshe ne, mai laushi kamar garin alkama. Abu 3 ne manya cikinshi. Akwai wani irin ƙaro na masana'anta, dangin roba. Akwai launi. Akwai kuma maganin da ke sa ƙaron ya taurare in ya ji wuta. A masana'anta ana haɗa su, a narke su tare, a shimfiɗa su huce. In sun huce sai a farfasa, a niƙa, a tankaɗe.

To, ga tambaya. In ka watsa ma ƙofar ƙarfe garin tuwo, zubewa zai yi ƙasa. Yaya wannan garin ke tsayawa?

Amsar tana cikin wani abu da kowa ya taɓa gani lokacin ɗari. In iskar hunturu ta busar da komi, ka tuɓe rigar leda cikin duhu, sai ka ji ƙas-ƙas, har ka ga ɗan tartsatsi. Ko ka ɗauki matajin roba, ka goga shi ga gashin kanka, ka kusantar da shi ga ƴan guntayen takarda. Za ka ga sun yi tsalle sun manne mishi. Ba sihiri ba ne. Wata irin wutar lantarki ce da ke taruwa bisa jikin abu, tana jawo ƙananan abubuwa. Kuna iya gwada wannan a ajinku na yaƙi da jahilci.

Da wannan dabarar ake aiki. Ana rataye ƙarfen ga ƙugiya, ƙugiyar kuma tana haɗe da waya mai shiga ƙasa. Ma'aikaci yana riƙe da wata bindiga ta feshi. Iska ke turo garin ta cikin bindigar. A bakinta akwai ɗan tsinke mai ɗauke da lantarki. Ƙarfin turin wannan lantarkin ya ninka na kuran ɗin gida sau 200 ko fiye, amma yawanshi kaɗan ne ƙwarai. Kowace ƙwayar gari da ta wuce sai ta ɗauki rabonta. Da ta fito, sai ƙarfen ya jawo ta, kamar yadda mataji ya jawo takarda. Har bayan bututu, inda bindiga ba ta duba ba, garin yana zagayawa ya manne.

Garin da bai manne ba, ba a yi hasararshi ba. Ana tara shi, a tankaɗe, a sake fesawa. Fentin ruwa in ya ɗiga ƙasa, ya tafi ke nan.

A wannan lokaci rigar ba ta da ƙarfi ko kaɗan. In ka sa yatsa, gogewa za ta yi. Sauran aiki na wuta ne.

Cikin tanderu

Ana tura ƙarfen cikin wani babban tanderu, kamar na masu burodi, amma na ƙarfe. Zafinshi yana kai digiri 180 zuwa 200. Don ku gane: ruwa yana tafasa a digiri 100. Zafin watan Afrilu da ke hana mu barci, 45 ne ko kusa da haka. Ƙarfen yana zama ciki minti 10 zuwa 20 bayan shi kanshi ya ɗauki zafin. Ƙarfe mai kauri ya fi daɗewa, don ya fi wuyar ɗaukar zafi.

Da farko garin yana narkewa. Ƙwayoyin suna haɗuwa, su malale, su zama fata guda. Daga nan sai maganin nan na ciki ya fara aiki. Yana ɗaure ƙaron da juna ta kowane gefe, kamar saƙar tabarma. In ya gama ɗaurewa, ba ya sake narkewa.

Nan ne asirin yake. Man shanu in ya ji rana narkewa yake yi, in ya ji sanyi ya daskare, gobe ya sake narkewa. Wannan ba haka yake ba. Ya fi kama da aikin magina tukwane, irin na Mirya. Ɗanyar tukunya in ruwa ya taɓa ta, laka take komawa. Amma in an gasa ta, ta zama wani abu dabam, ruwa ba ya mayar da ita laka har abada. Haka fentin gari in ya fito daga tanderu. Da ya huce an gama. Babu jiran bushewa, babu ƙura da za ta manne mishi.

Kaurin rigar kusan na takardar da kake karantawa ne. Sai an jera 10 ko fiye kafin a samu milimeta 1. Ka ce siririya ce. Amma ta ninka shafa guda ta fentin ruwa sau 2 ko fiye, kuma ta fi ta jure bugu da gurzawa.

Dabarar ba ta daɗe a duniya ba. A 1953 wani Bajamushe, Erwin Gemmer, ya yi rijistar wata hanya: a zafafa ƙarfe, a tsoma shi cikin garin roba da iska ke motsawa. Wannan yana bada riga mai kauri sosai. Feshi da lantarki kuwa, cikin shekarun 1960 ya fito, kuma wani kamfanin Faransa mai suna Sames yana cikin na farkon da suka ƙera bindigar. Tun daga nan abin ya bazu. Yau firigo, da injin wanki, da kujerun ofis, da akwatunan lantarki, da firam ɗin keke, da yawansu wannan rigar ke jikinsu.

Aikin da ido ba ya gani

Yanzu mun zo ga magana mafi nauyi. Ƙwarin fentin gari ba daga garin kaɗai yake ba. Ya dogara ga abin da aka yi ma ƙarfen kafin a fesa.

Ƙarfe in ya fito daga masana'anta, akwai mai a jikinshi. Akwai baƙin ɓawo na wuta. Akwai kashin walda. Wani lokaci har tsatsa ta riga ta fara. In aka fesa gari bisa wannan datti, rigar za ta yi kyau ranar kasuwa. Amma ba ta kama ƙarfe ba, datti ta kama. Kamar yaɓe ne bisa bangon da ba a share ba, ba a jiƙa ba. Ruwan farko zai saukar da shi.

Don haka masana'anta mai gaskiya tana fara da wanke mai. Sa'annan ta kankare tsatsa, sau da yawa ta hanyar harba ma ƙarfen tsakuwa ƙanana ko ƙwayoyin ƙarfe da iska mai ƙarfi, har ya yi fari. Sa'annan a tsoma shi ko a fesa mishi ruwan wani magani da ake ce ma fosfat. Wannan yana barin wata shimfiɗa mai kaushi da ido ba ya gani. Ita ke riƙe fentin, ita ke hana tsatsa yawo a ƙarƙashi. Daga nan a ɗauraye, a busar, kana a fesa.

Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi. Mai son riba da sauri, nan yake yanke hanya, don mai saye ba ya iya gani. Shi ya sa za ka ga kujeru biyu masu launi ɗaya da ƙyalli ɗaya. Ɗaya ta yi shekaru lafiya lau. Ɗaya kuwa bayan damana guda fentin yana tashi falle-falle, ƙarƙashi ja wur. A ganinmu, fentin ruwa da aka shafa bisa ƙarfe mai tsabta ya fi fentin gari da aka fesa bisa datti.

Inda ƙarfinshi ya tsaya

Kada mai kanti ya ce muku wannan fentin ba ya mutuwa. Yana da abokan gaba.

Na farko ita ce rana, kuma mun san tamu. Garin iri-iri ne. Akwai wanda ake ce ma efoksi. Yana kama ƙarfe da kyau, yana jure magunguna, amma ba ya son rana. In ya daɗe a fili sai launinshi ya koɗe, samanshi ya zama kamar alli, ka shafa ka ga fari a hannunka. Wannan na cikin ɗaki ne. Akwai kuma foliyesta, shi ne na waje, mai jure rana. In ƙungiyarku za ta sayi abin da zai zauna a fili, ku tambaya: fentin na ɗaki ne ko na waje? Ku ce a rubuta muku cikin takardar ciniki. Amfanin karatu ke nan.

Sai lunguna. Lantarkin nan da ke jawo gari, ba ya son shiga kusurwa mai zurfi. Garin yana tsayawa a baki, ciki ya samu kaɗan. Haka kaifin ƙarfe: in garin ya narke, yana janyewa daga bakin kaifi, rigar ta yi siriri. Cikin bututu kuwa, sau da yawa babu komi. To, wuraren nan ne ruwa ya fi kwanciya.

Wuta ma tana cin shi. An gasa shi a digiri 200, amma harshen wutar itace ya fi haka nisa. Fentin gari na yau da kullum ba na murhu ba ne, ba na bututun hayaƙin inji ba ne.

Bakin galma da haƙoran kayan noma, su kuma babu fentin da ke zama jikinsu. Ƙasa ce ke goge su kullum. Maganinsu a wanke su bayan aiki, a shafa musu mai, a ajiye a inuwa.

Ƴan uwanshi biyu da kuka sani

Langa da kwanukan jere na ɗakin amarya, su ma gari aka sa musu aka gasa. Amma nasu garin gilashi ne, kuma wutarshi ta kai digiri 800 ko kusa. Shi ya sa suke ƙyalli, ba sa tsoron zafi. Sai dai in kwano ya faɗi, wurin ya fashe kamar kwalba, baƙin tabo ya fito. Fentin gari ya fi shi jure faɗuwa, don dangin roba ne.

Ɗayan shi ne rigar tutiya, irin ta kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Kan famfon hannu da ake ce ma India Mark II, shi ma ita ke jikinshi. Ana tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, mai zafin digiri 450. Tutiya tana da wani hali da fenti ba shi da shi. Ko an ƙarce ta, ita ke fara lalacewa, ta bar ƙarfen da ke kusa lafiya. Don abin da ke zama cikin ruwa ko laka kullum, tutiya ta fi. Wasu kayan ana haɗa musu biyun, tutiya a ƙasa, fentin gari a sama. Wannan ya fi duka daɗewa, ya fi duka tsada.

In za ka saye

Ba a yin fentin gari a gindin bishiya. Yana bukatar kuran, da injin iska, da tanderun da ya fi kayan girma. Aikin masana'anta ne da manyan birane. Amalanken da masu walda na garuruwanmu ke ƙerawa, galibi fentin ruwa ne jikinsu. Wannan ba laifi ba ne. Amma kada ka biya kuɗin wancan, a ba ka wannan.

Duba da kyau cikin haske. Fentin gari ba shi da sawun buroshi, ba shi da ɗigo mai gangarowa kamar hawaye, ba shi da wari. Sau da yawa in ka karkata shi ga rana, za ka ga samanshi kamar ɓawon lemu. Danna farce a wurin da ba a gani: bai kamata ya shiga ba. Akwai fentin ruwa na masana'anta da shi ma ake gasawa, yana kama da shi ƙwarai, kuma shi ma mai kyau ne.

Kada ka tsaya ga gaban abu, inda mai kanti ke nuna maka. Juya shi. Duba ƙarƙashi, da bakin walda, da lunguna, da kewayen ramukan ƙusa. In ka ga ɗan ja-ja, ko kumburi kamar ƙurji, tun abin yana sabo, to tsatsa tana ciki. Bar shi, ko ka nemi ragi mai yawa.

In ya zo gida

Wanki da ruwa da sabulu da tsumma ya isa. Uwayen gida, a nan sai ku yi haƙuri: toka da rairayi da soson ƙarfe na tukunya ne. In kun dirje firigo ko kujera da su, rigar kuke ci. In takin zamani ko kanwa ya zuba bisa ƙarfe, a wanke ranar, kada a bari sai gobe. Kada a bar ƙafafun inji ko na gado cikin laka ko turken dabbobi. A ɗora su bisa bulo ko katako.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ciwon farko. Dutse ya buga, ko abin ya faɗo daga amalanke, fenti ya ɓalle kamar ƙwayar wake. Kada ka ce ƙarami ne. Ta nan ruwa ke shiga. Tsatsa ba ta tsayawa a bakin ciwon, tana rarrafe ƙarƙashin rigar. Daga waje ba ka ganin komi, sai ranar da fentin ya tashi kamar tafin hannu.

Ba za ka iya mayar da gari a ƙauye ba, amma kana iya rufe ƙofar. Samu takarda mai yashi, irin wadda kafinta ke gugar katako da ita. Goge wurin har farin ƙarfe ya fito. In gefen fentin yana ɗagawa, kankare shi har inda ya kama da ƙarfi. Share ƙurar da busasshen tsumma. Shafa fentin maganin tsatsa, wanda ake saidawa cikin ƙaramin gwangwani a kantin kayan gini. Bar shi ya bushe kwana guda, sa'annan ka shafa fentin mai a sama. Launi ba zai zo daidai ba, amma ba kyau muke nema ba. Gwangwani guda yana isar gidaje da yawa, sai ku haɗa kuɗi ku saya tare. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan farko, sa'ad da ƙarfe yake a bushe.

In abin ya karye har sai an kai shi wurin mai walda, a fara kankare fentin kewayen wurin, faɗin yatsu 3 ko 4. Walda ba ta kamawa da kyau bisa fenti, kuma hayaƙin fentin da ya ƙone yana cutar ƙirji. A yi aikin a fili, yara su matsa nesa. In ƙarfen ya huce, a kankare kashin waldar, a shafa maganin tsatsa tun ranar, har zuwa inda wuta ta baƙanta tsohon fentin.